Wayar Mutum-mutumi da Mamarin Masunci



Tun 1968 da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta tashi mutum kimanin 44,000 daga gidajensu, mu mutanen Yauri da Ngaski da Shanga muke maƙwabtaka da lantarki. To, maƙwabtaka ba sani ba ce. Ga shi tun 2017 ake gasar FIRST Global ta haɗa mutum-mutumi, yaran duniya suna gwada basira, ya kamata a ga namu a ciki.

A wata 'yar gasa da muka shiga bara, namu ya ɗaga hannu sau biyu ya sandare. Muka yi ta zargin kwamfuta, ashe waya guda ce ta zare daga mazauninta, domin mun ɗaure ta tamau a gwiwar hannun. Aikin wata uku ya tafi a banza.

Da na koma gida sai na ga masunci a bakin ruwan Yelwa yana jera ƙugiyoyin mamari ɗaya bayan ɗaya, don kada su harɗe ranar aiki. Wannan ita ce tarbiyyar da muka rasa, ga kuwa yadda take a wajenmu.

Ja ta ɗauki wuta daga batir, baƙa ta mayar, kada a sauya. Waya mai kauri ita ce ta injin ƙafafu, domin siririya zafi take yi, ta cinye ƙarfin batir. A sa fis dab da batir, watau in wayoyi suka haɗu shi zai ƙone, inji ya tsira. A raba hanyar wayar saƙo da ta inji, don hayaniyar wutar inji tana gurɓata saƙo. Duk inda gaɓa ke motsi a bar wa waya sarari, sauran wurare a ɗaure ta da jikin ƙarfe. A rubuta lamba a bakinta biyu, a zana taswirarta a littafi. Da hunturu kuma a kula, busasshiyar iska tana tara wuta a jiki, tartsatsi ɗaya sai ya rikita kwamfuta.

Kafin a shiga fili, kowace waya a ja ta a hankali. Wadda za ta zare, gara ta zare a hannunka.