Sata Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamiti ya nemi in ce wani abu game da halin da masu ƙananan sana'o'i ke ciki. Da yawa daga cikinmu ba su sami aikin gwamnati ba, shago ko tebur ne abin dogaronsu. Abin da nake so mu lura shi ne, ɓarnar da ake yi musu ba iri ɗaya ba ce. Ta danganta da inda mutum ya kafa sana'arsa.

A cikin garin Gusau, wajen Tudun Wada da Sabon Gari inda jama'a ke da yawa, abin da ya fi damun mai shago shi ne fasa ƙofa da dare, da fizgen waya, da wanda zai nuna wa mai POS saƙon banki na ƙarya ya karɓi kuɗi ya tafi. Asara ce mai ciwo, amma galibi kaya ake ɗauka a bar mai su.

A unguwannin bakin gari kuwa, irin su Damba, tsoron ya wuce na kaya, domin mutum ake zuwa ɗauka. Ba mu manta da watan Satumba na 2023 ba, lokacin da aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida. Mai shayi da mai kanti a irin wannan wuri dole su rufe da wuri, alhali cinikin dare ne ke riƙe da su.

A Tsafe da Bungudu, hanya ce matsalar. Mai ɗauko kaya ta hanyar Funtuwa, ko mai bin kasuwannin ƙauye, yana iya rasa jarinsa gaba ɗaya a rana guda. Idan aka biya fansa, to shagon ne aka sayar. Har maganin ma ya taɓa su: a 2021 da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya, ƙaramin ɗan kasuwa ne ya fara jin jiki.

Saboda haka kwaɗo da fitila da mai gadi na iya isar na cikin gari, amma ba za su tsare na Tsafe ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ina roƙon ƙungiya abu biyu. Mu rubuta sunayen 'yan'uwanmu masu sana'a da wuraren da suke, mu san wanda ya fi shiga haɗari. Sannan mu buɗe asusu, ko da kaɗan-kaɗan ne duk wata, don tayar da wanda jarinsa ya karye.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.