Aikin hajji da horon doki

Wani dattijon malami mai kiwon dawaki ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci jawabi a wani gari na ƙasar Damagaram, kafin tashin maniyyata. Maza da mata sun taru. Ga abin da ya faɗa.

Hanyar dauri

Malam ya ce mutanen dauri ta ƙasa suke zuwa Makka, wasu da ƙafa, wasu bisa jaki ko raƙumi, masu hali bisa doki. Sukan bi ta Barno, su ratsa Cadi ta Abeshe, su shiga Darfur, har su kai bakin Bahar Maliya. Can suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. In guzuri ya ƙare, sai su tsaya ƙwadago. Da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925. Jikokin wasunsu suna Sudan har yau.

Ya ce doguwar hanya ita ke gyara mutum. Yunwa da ƙishirwa suna karya girman kai. Mai doki in ya iso rijiya, sai ya shayar da dabbarsa kafin ya huta. Yanzu jirgin sama yana kai mutum cikin ƴan awoyi. Jiki yana isa, zuciya tana baya. Don haka horon da hanya take yi a da, dole a yi shi tun daga gida.

Zuciya kamar duƙushi ce

Malam ya tambayi masu dawaki: wa ya taɓa ɗaura wa duƙushi sirdi rana ɗaya ya hau? Aka ce babu. Sai an saba masa da ragama, sannan linzami, sannan sirdi. Wanda ya yi masa duka zai samu doki mai tsoro ko mai harbi. Wanda ya bi shi sannu zai samu abokin tafiya.

Ya ce haka zuciya take. Mai harama ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya farauta. Cikin turereniyar ɗawafi za a taka shi, kuma sau 7 zai kewaya Ka'aba. Ranar 9 ga Zulhajji zai yini a Arfa, sarki da talaka tufafi iri ɗaya. Wanda bai saba riƙe linzamin bakinsa a kasuwar garinsu ba, ba zai iya riƙe shi can ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za a yi kafin tashi

Malam ya lissafa abu 4:
1. A biya bashi, a mayar da ajiyar mutane.
2. A nemi gafarar wanda aka ɓata wa, musamman kan iyakar gona da gado.
3. A bar wa iyali hatsin da zai ishe su.
4. A bar wa doki harawa, dusa da kanwa, da mutum mai amana da zai riƙa shayar da shi, yana cire masa kaska, yana share turke.

Ya ce dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma Allah zai tambayi mai ita. Kuma hajji bai wajaba ba sai ga mai iko. Kada kowa ya sayar da gonar da ke ci da gida don a ce masa Alhaji.

Daga ƙarshe ya ce tsaraba ta gaskiya hali ne. In Alhaji ya dawo, a duba zamansa da maƙwabta, a duba bayan dokinsa ko da miki. Nan ake gane abin da ya ɗauko.

Aka yi wa maniyyata addu'a. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya. Amin.