Shahuci, 18 ga Disamba 1980: Jawabi ga Ɗalibai

'Yan'uwa ɗalibai, a ranar nan aka tura 'yan sanda filin Shahuci a Kano su kama masu wa'azin Muhammadu Marwa Maitatsine. Mabiyansa suka far musu da kibau da adduna, suka kashe wasu a bakin aiki. Tarzoma ta gagari 'yan sanda, sai da Shugaba Shagari ya aiko soja kana aka murƙushe 'Yan Awaki. Hukumar binciken Mai Shari'a Aniagolu ta ƙirga gawa 4,177, amma wannan bai hana abin sake ɓarkewa a Bulunkutu a 1982 ba. Mu 'yan Tsiga, abin ya shafe mu, domin akasarin mabiyan nan gardawa ne 'yan ci-rani, irin waɗanda mukan sallama birni bayan kaka ba mu tambayi wane malami zai karɓe su ba.