Gawar da Ta Ƙi Kwanciya: Asiri da Fatalwa a Adabin Jihohin Kudu na Ƙasar Amurka



Zan yi magana kan wani reshe na ƙagaggun labarai da ya tsiro a jihohin kudu na ƙasar Amurka, irin su Misisifi da Jojiya da Luwiziyana, wanda masana ke kira Southern Gothic. Kayan aikinsa sanannu ne: tsohon gidan gandu da ya soma zubewa, fadama, zafi mai narka mutum, mai wa'azin da ya zautu, da gawa a inda ba a zata ba. Tun 1764 Turawan Ingila ke rubuta labaran ban tsoro a kan tsofaffin fadoji, amma Kudu ba ta da fada, gonar auduga take da ita. A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4. Aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, Kudu ta sha kashi, aka 'yanta bayi, sai dokokin wariyar launin fata suka maye gurbin sarƙa har wajen shekara ɗari.

Me ke jan mai karatu? A ganina ga shi. A labarin bincike na yau da kullum, ba wanda ya san mai laifi sai jami'i ya tono shi. A nan kuwa gari duka ya sani, an dai haɗa baki ne a yi shiru. Asirin da mai karatu ke bi shi ne yadda jama'a suka iya zama da abin da suka sani.

Mu duba gajeren labarin William Faulkner na 1930, A Rose for Emily. Emily 'yar babban gida ce da arziki ya gudu ya bar musu girman kai. Bayan rasuwar mahaifinta, wanda ya kori duk manemanta, ta shaƙu da wani Homer Barron, ɗan Arewa mai kula da leburorin shimfiɗa hanya. Rannan ta shiga kantin magani ta nemi guba. Doka ta ce sai ta faɗi abin da za ta yi da ita. Ta zuba wa mai kantin ido har ya sunkuyar da kai, ya rubuta a kwalin cewa ta ɓera ce. Homer ya ɓace. Ba a daɗe ba wari ya soma tashi daga gidan. Maƙwabta suka kai ƙara, dattijon alƙali ya ce ba za a tari mace mai daraja a ce mata tana wari ba. Sai maza huɗu suka lallaɓa da tsakar dare suka barbaɗa farar ƙasa a gindin ginin. Ku lura, ba binciken warin suka je yi ba, binne shi suka je yi. Sai bayan shekara arba'in, da aka rufe Emily, suka ɓalle ƙofar wani ɗaki a bene, suka tarar da ƙasusuwan Homer a kan gado, ga kuma silin furfura a matashin da ke gefensa. Faulkner ya sa labarin a bakin mutanen garin, suna cewa "mu", don haka mai ba da labarin ma yana da hannu. Baƙin baran gidan, wanda ya fi kowa sanin komai, ya buɗe wa masu gaisuwa ƙofar gaba, ya fice ta baya, ba a sake ganinsa ba.

Babu fatalwa a wannan labari. Marubuta baƙar fata ne suka fi shigo da ita, kuma da dalili: wanda kotu ba ta karɓar shaidarsa yana raye, sai marubuci ya ba shi baki bayan ya mutu. Tun 1899 Charles Chesnutt ya yi haka a The Conjure Woman. A ɗaya daga cikin labaran littafin akwai bawa Sandy, wanda ubangidansa ke ba da aronsa gida gida, har ya dawo wata rana ya tarar an sayar da matarsa. Matarsa ta biyu, Tenie, ta san asiri, sai ta mai da shi bishiya don ya zauna wuri guda, tana dawo da shi mutum da dare. Aka aike ta jinya wani gari, kafin ta dawo an sare bishiyar an kai injin yanka katako. A gaban idonta aka tsaga shi. Da katakon aka gina ɗakin girki, inda kowane dare ake jin nishi. Tsohon da ke ba da labarin, Julius, yana da tasa dabarar: so yake baƙin da suka sayi gonar su tsorata su bar wani ginin da aka sake yi da katakon, 'yan cocinsa su samu wurin ibada. Ya kuwa samu. Dariya da kuka a wuri ɗaya, kuma ba a taɓa gaya maka ko sihirin ya faru ba.

Na san wani zai ce matacce ba ya dawowa, in an ga wani abu to aljani ne. Ban musa ba, kuma labaran ba su nemi ka canza aƙida ba. Flannery O'Connor ta Jojiya, wadda ta rasu a 1964 tana da shekara 39, 'yar Katolika ce ta ƙwarai, ita gaibun da ke labaranta ma rahamar Ubangiji ce mai faɗo wa mutum a tsakiyar tashin hankali. Abin tambaya game da fatalwa a littafi shi ne bashin da ta zo karɓa, da wanda ake bi.

Shi ya sa nake fifita Sing, Unburied, Sing na Jesmyn Ward, wanda ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka a 2017. Wani yaro, Jojo, ya raka mahaifiyarsa ɗauko ubansa daga kurkukun Parchman a Misisifi. Parchman wuri ne na gaske, gona ce makekiya da aka riƙa sa fursunoni, akasarinsu baƙar fata, noman auduga ƙarƙashin bulala. Suka dawo da fatalwar Richie, wanda aka ɗaure a can yana ɗan shekara 12. Richie bai zo ramuwa ba. Bai san yadda ya mutu ba ne, yana so a gaya masa. Mai amsar kuwa kakan Jojo ne, wanda ke ba da labarin Richie kullum yana tsayawa kafin ƙarshe. Da ya ƙarasa, ashe shi ya kashe yaron da hannunsa, don kada gungun fararen da ke farautarsa su kama shi da rai su yi masa gunduwa gunduwa. A nan bincike da fatalwa sun zama abu guda: wanda aka kashe ne mai binciken, mai laifin kuma shi ne kaɗai ya ƙaunace shi.

Kasuwa ta gano salon na sayuwa, don haka yanzu akwai littattafai da finafinai barkatai masu fadama da tsohuwa mai duba da gida mai ƙarar ƙofa, amma ba bawa ko ɗaya a tarihin gidan. Ga ɗaliban da za su rubuta kundi a wannan fage, ku tambayi kowane littafi: wa ya gina gidan nan, kuma an biya shi? Ku soma da Chesnutt da Faulkner, labaran biyu ba za su ci muku fiye da yamma ɗaya ba.