HANYOYIN BINCIKEN TSAKUWAR ƘODA A ƊAKIN GWAJE-GWAJE

Idan aka fitar wa majiyyaci tsakuwa daga ƙoda ko mafitsara, sau da yawa 'yan uwa sukan ɗauka an gama, su yar da ita. Alhali kuwa tsakuwar nan ita ce babbar shaida a kan dalilin cutar, kuma matuƙar ba a san abin da ya haɗa ta ba, likita lalube zai yi wajen hana ta dawowa. Al'amarin ya shafi ƙasashenmu ƙwarai, domin zafin bazara da ƙarancin shan ruwa suna sa fitsari ya yi kauri.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta sinadarai, wato a daka tsakuwar, a narkar da garin, a ɗiga magunguna, a duba canjin launi. Tarihinta abin girmamawa ne: da irinta Scheele ya gano yurik asid a 1776, Wollaston kuma ya gano sistin a 1810, dukkansu daga tsakuwar mafitsara. Tana da arha, ba ta bukatar babbar na'ura. Amma aibinta shi ne, tana faɗin kayan ginin, ba ta faɗin yadda aka yi ginin. Alal misali, kalsiyam oksalet, wanda ya fi kowane yawa a tsakuwar ƙoda, iri biyu ne. Akwai mai ƙwayar ruwa ɗaya, mai tauri, wanda yakan gagari na'urar farfasa tsakuwa daga wajen jiki, irin wadda aka fara aiki da ita a Munik ta Jamus a 1980. Akwai kuma mai ƙwayar ruwa biyu, mai saurin farfashewa, wanda galibi yake nuna yawan kalsiyam a fitsari. Da zarar an narkar, sun zama ɗaya. Mafi muni, akwai wata tsakuwa ta gado, dihaidiroksi-adenin, wadda sinadarai kan nuna kamar yurik asid ce. Tsakuwar yurik asid tana narkewa idan aka rage tsamin fitsari. Waccan kuwa ba ta narkewa, alofurinol take bukata, kuma jinkiri kan iya lalata ƙodar. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta ɗauki wannan hanya a matsayin wadda zamani ya wuce.

Hanya ta biyu, ana haska garin tsakuwar da hasken eksire, sai ƙwayoyinsa su karkatar da hasken, kowane gishiri da irin zanensa. Prien da Frondel sun yi fitaccen aiki da ita a Amurka a 1947. Tana da tabbaci, sai dai na'urar tana da tsada, kuma abin da ba shi da tsararrun ƙwayoyi, kamar furotin, yakan ɓace mata.

Ta uku ita ce ta hasken infirared. Ɗan garin da bai wuce miligiram ɗaya ko biyu ba ya isa, cikin 'yan mintoci a ga irin hasken da ya shanye, a gwada da zanen sanannun gishiri. Tana gane mai tsari da marar tsari, har da tsakuwar da magani ya haifar, kamar indinabir. Ga asibitin koyarwa mai ƙaramin kasafi, ita ce ta fi cancanta, muddin akwai ma'aikacin da ya ƙware wajen karanta zanen, ya kuma gwada cibiyar tsakuwar dabam da ɓawonta, domin sau da yawa ba abu ɗaya ba ne.