Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya: rairayin da ke cin gonakinmu

Iyayenmu dattawa, yayyenmu da kunka zo daga Abijan, Kwatano da Legas, sannunku da hanya.

Ofishin ƙungiya ya ce in yi bayani bisa roƙon da ɗanmu ɗalibi ya aiko, na a taimake shi da kuɗin awo da na tafiye-tafiye. Yana karatun mastar a sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Wasu iyaye sun ce: yaro ya shekara goma sha bakwai bisa benci, sa'annan ya koma auna rairayi? Tambaya ce mai kyau, ga amsa.

Wannan kwari da muke zaune ciki, Dallol Boso, tsohon gulbi ne. Daga Azawak ya gangaro, ya bi ta Filinge, Damana da Baleyara, ya faɗa kogin Kwara wajen Bumba. Gulbin ya mutu tun shekaru dubbai, amma kayan da ya ajiye suna nan: rairayin da muke shuka hatsi, da lakar fadama. Shi ya sa a cikin kwari rijiya ba ta nisa, a bisa tudu kuwa mai gina sai ya sha wuya da marmara.

Abin da ake koya musu shi ne yadda ruwa ke ɗaukar kaya da inda yake sauke su. Ruwa mai gudu yana mirgina tsakuwa a ƙasa, rairayi na tsalle, laka kuwa tana tafiya cikin ruwan, ita ce ke sa shi ja. Da gudu ya rage, mai nauyi ke fara zama: tsakuwa a gindin dutse, rairayi a bakin gona, laka sai tabki. In gudun ruwa ya ninka biyu, yana iya tura dutsen da ya fi na da nauyi wajen sau 64. Wani masani ɗan Suwidin, Hjulström, ya nuna a 1935 cewa rairayi mai laushi ya fi saurin tashi bisa laka da ta daskare. To, gonakinmu na gangare duk rairayi ne mai laushi. Kun ga inda ciwon yake.

Dattawa sun fi ni sanin yadda tudu yake kafin farin 1973 da na 1984. Itace ya ƙare, ƙasa ta zama fako, ruwan sama bai samun wurin shiga, sai ya taru ya zubo da ƙarfi. Kwazarin da yaro ke tsallakewa jiya, yau raƙumi na ɓacewa ciki. Abin mamaki, a ƙasar Fakara, maƙwabtanmu, masu bincike sun tarar ruwan rijiyoyi ya hau kamar metir 4 tsakanin 1963 da 2007, don ruwan da ke zubowa yana taruwa a tabkuna ya nutse. Kada wannan ya ruɗe mu: rijiya ta cika, gona ta tafi.

Mun yi jerin duwatsu, mun yi rabin wata, wasu sun tsaya, wasu ruwa ya kwashe a damina guda. A ganina ba ƙarfi munka rasa ba, awo munka rasa. Wanda ya tare ƙorama a ƙasa alhali bai tare ta a bisa tudu ba, gonar maƙwabcinsa ya aika wa ruwan, daga nan sai gaban sarki.

Don haka ina goyon bayan a ba shi, amma da sharaɗi: ƙoramarmu zai auna, kuma ya kawo sakamako nan da bakinsa, da Hausa da Zabarmanci, ba takardar Faransanci ba. Dattawa kuma, ku zagaya da shi ku nuna masa inda ruwa ke bi a da.

Ma'aji na nan da littafi bayan sallar la'asar. Wassalam.