Ɗan Affala da Gurbin Sashen Kwamfuta

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka ga maganar.

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, masu neman gurbin karatun kwamfuta sai su fi ƙarfin kujerun da ke akwai. Tarihin kun san shi: a 2010 aka kafa jami'o'in Tahoua da Maraɗi da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Abokan aikina suna cewa a ƙara gurabe, a ƙara na'urori, cunkoson zai ragu. Na daɗe ina ce musu a'a, yau ma haka zan ce. Ko an ninka gurabe, 'ya'yan da suka saba samu su ne za su cike su.

Ku dubi rabon ɗalibai a lise. Akwai layin A na adabi, akwai D, akwai C na lissafi mai zurfi. Kowa a zauren nan ya san 'yan C ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma a manyan birane suka taru. To ilmin kwamfuta lissafi ne tun daga tushensa, iya shafa waya ba ya cikin abin da ake dubawa. Wa ke zaɓa wa yaro layi? Makinsa na lissafi a kolej. Wa ke koya masa lissafin a ƙauyukan Affala? Sau da yawa malamin kwantiragi ne, wani lokaci ma ba lissafi ya karanta ba, ga albashi na makara, ga aji maƙil. Yaron da ya jure wannan sai ya taho Tahoua, ya zauna gidan mai masauki, ya yi aike da ɗiban ruwa kafin ya buɗe littafi, yayin da sa'anninsa suka tafi cin rani Abijan suna aiko kuɗi gida. Yarinya kuwa, ina iyayen da za su sake ta ta zauna gidan wani? Ranar da muka zauna tantance takardu, an riga an cire waɗannan tun suna 'yan shekara 14. Mu dai muna sa hannu ne a kan hukuncin da aka yanke ba mu nan.

Wasu na cewa yaro ya koya da kansa ta intanet. Da wace wuta? Kun ga halin da aka shiga a 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki, birni ma ya sha duhu, balle ƙauye. Masu cewa cancanta kawai za a duba, ina tambayarsu: cancantar yaron, ko ta makarantar da ubansa ya iya biya?

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A buɗe shekarar share fage ta lissafi a nan jami'ar Tahoua mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, mutumin da ya rubuta tarihin Adar, a ware kujerunta ga 'ya'yan kolejin karkara, mata a gaba, tare da wurin kwana da tallafin karatu daga hukumar ANAB tun watan farko. Sannan ma'aikatar ilimi ta tura ƙwararrun malaman lissafi Affala da sauran ƙauyukan arewacin Adar, da alawus ɗin da zai zaunar da su har ƙarshen shekara.